Murfin Injin da Mai Tsumma Ya Buɗe

Wata huɗu ke nan da muka binne abokina, amma har yau idan na ɗago kai daga kan taya sai idona ya tafi gindin famfon da yake wanke motoci. Wani ne a wurin yanzu. Da tsumman da ya goge taya da shi yake goge gilashi, ni kuwa sai in kau da kai.

Mai Tsumma ake ce masa tun kafin furfura ta fito masa. Ni mai faci ne. Rumfata da wurin wankinsa katanga ɗaya suka jingina, katangar bayan zauren taro, shekara talatin ba kaɗan. Ban yi karatu mai nisa ba, amma abin da aka yi wa bawan Allahn nan a kan idona aka yi shi, kuma da hannuna a ciki. Shi ya sa na zauna rubutawa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk ya tsattsage saboda sabulu. Tsumma uku yake ratayawa a ƙugu: fari na gilashi, rawaya na jikin mota, baƙi na taya. Matarsa, wadda muke kira Uwar Biyu, ta san dokar. Kowanne a roba daban take wanke shi. Ranar da ta manta ta jiƙa fari da baƙi a ruwa ɗaya, kwana biyu ya yi yana mita, har ta ce masa ya kwashi tsummansa su koma gindin famfo da zama, ita ta huta.

Yana saurayi ya fara koyon kanikanci, hayaƙi ya kama masa ƙirji, likita ya hana shi. Ya ajiye sifana, amma kunnen bai bar shi ba. Mota za ta wuce, bai ko ɗago ba, sai ya ce, "Wannan ba za ta kai sati ba." Kuma ba ta kaiwa.

Ni da shi kullum cikin tsiya muke.

"Kai dai iska kake sayar wa mutane," in ji shi.

"Kai kuma ruwan famfo."

"Ni ko ba komai ana ganin aikina yana ƙyalli. Naka a ƙasa yake, yana taka kashin kare."

Haka muke yini. Idan ya yi tari sai in miƙa masa ruwa ban dube shi ba, don ba ya son a dube shi yana tari.

Sau ɗaya a shekara, kwana biyar, ana baje kolin motoci a zauren nan. Sauran shekara ɗakin biki ne da jarrabawa, wani lokaci ma'ajiyar kujeru. Idan lokaci ya zo sai a shimfiɗa jan kafet ya rufe fasassun tayil, a rataya fitilu, a jera motoci goma sha biyar ko ashirin. Mai Tsumma ne mai goge su, shekara ashirin da shida bai taɓa fashi ba. Sai dai motocin da ake kawo mana duk mun riga mun gan su a titi. Wata ma na yi mata faci kafin ta shiga zauren a matsayin sabuwa. Akwai shekarar da aka cire lambar motar surukin Manaja aka jera ta, Mai Tsumma ya gane ta da ƙonewar sigari a kujerar baya, ya rufe wurin da ƙaramin matashi bai ce komai ba.

Manaja shi ne mai shirya baje kolin, mutum mai tumbi da turare, wanda ba ya amsa gaisuwa da baki sai da gira. Kowace shekara Mai Tsumma sai ya tare shi a ƙofar baya.

"Ranka ya daɗe, ita fa sabuwar da ke cikin mujalla?"

"Tana hanya."

Direban tirelar da ke kawo motocin ne ya taɓa yi mana bayani, yana zaune a bencina ina duba masa taya. Ya ce sabuwar mota idan ta fito, ɗaya ce ko biyu a duk duniya, kuma inda 'yan jarida suke da manyan kyamarori can ake kai ta. Ya ce, "Wa zai ɗauko ta ya yi kwana biyu a kan wannan hanyar taku mai ramuka, don mutum ɗari uku su kalla, biyu su taya, babu mai saya?" Mai Tsumma ya ce, "Ai mu ma idanu gare mu." Direba ya yi dariya ya ce ba idanu ake nema ba.

Mai Tsumma bai haƙura ba. Kowace shekara sai ya zaunar da autarsa ta rubuta wa kamfanin motoci wasiƙa, yana faɗa tana rubutawa. Ya gaya musu zaurenmu yana da rufi mai kyau, ba ya yoyo sai ta kusurwa ɗaya, kuma ba za a ajiye motar a wannan kusurwar ba. Ya gaya musu shi da kansa zai kula da ita. Bangon ɗakinsa cike yake da hotunan da ya yanko daga mujallu. Mutane suka mayar da abin wasa. Duk wanda ya kawo wanki sai ya ce, "Mai Tsumma, an turo?" Shi kuma ya ce, "Baɗi, in Allah ya so."

Akwai abin da muke yi a baje kolinmu wanda ban sani ba ko ana yi a wani wuri. Mu ba ma yarda da mota don fentinta. Ranar buɗewa, idan Manaja ya gama jawabi, Mai Tsumma zai bi motocin ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe murfin inji, ya tayar. Kanikawa su kewaye, kowa ya yi tsit, a saurara. Sannan Dogo, shugaban kanikawa, ya faɗi abin da ya ji: wannan lafiyayya ce, wannan tana shan mai, wannan kyan fuska kawai. Motar da ba a buɗe ba, cewa ake tana ɓoye ciwo, ko kallonta ba a sake yi. Wannan rabin awar ita ce dukiyar abokina. A duk shekara, nan ne kawai masu manyan riguna suke matsawa su ba shi hanya. Da safen ranar Uwar Biyu takan goge masa farar riga, ya zo yana tafiya a hankali kada ta yamutse.

Shekara uku da suka wuce, sai ga Manaja da kansa ya zagayo bayan katanga, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya nesa da ruwan wanki ya ce, "To, mai wasiƙa, bana za a kawo."

Mai Tsumma ya saki bokiti. Ya dube ni. Ni na ce, "Ranka ya daɗe, sabuwa fil?" Manaja ya ɗaga gira ya juya.

A fostar da aka manna a gari, sunan Manaja ne a ƙasa da manyan baƙaƙe, wai shi ya yi ƙoƙarin. Abokina bai damu ba. Ya bi gareji gareji, ya bi tasha, ya bi masu shayi, yana cewa, "Ku zo ku ji da kunnenku. Ni zan tayar muku da ita." Ya sayo sababbin tsumma uku, ya hana kowa taɓawa. Dogo ya ce masa, "In ta zo ba ta yi kuka mai daɗi ba, kai za mu sa ka yi." Aka yi dariya, har da shi.

Ta iso da la'asar, ana jibi buɗewa, cikin rufaffiyar tirela. An lulluɓe ta da yadi mai ruwan toka har ƙasa. Mutum huɗu masu safar hannu suka turo ta a hankali, ba a tayar da ita ba. Tare da su akwai wakilin kamfani, saurayi siriri, waya manne a kunne. Mai Tsumma ya matso da farin tsummansa ya gaishe shi.

"Ba a taɓawa," in ji wakilin.

"Yallaɓai, ni ne mai gogewa. Ni ne mai wasiƙun."

"Ba a taɓawa, baba."

"To makullin fa? Saboda jibi."

Wakilin ya dube shi kamar bai gane ba, ya dubi Manaja. Manaja ya yi sauri ya ce, "Zan yi masa bayani," ya ja hannun wakilin suka shiga ofis. Bayanin da bai taɓa yi ba ke nan. Da muka koma rumfa na ce, "Ka lura ba su tayar da ita ba?" Ya ce, "Kai mai faci, me ka sani? Irin wannan ba a tayar da ita a kan ƙura. Sai a kan kafet."

Ranar buɗewa ban taɓa ganin zauren ya cika haka ba. Har kan tagogi mutane. Na rufe rumfa na shiga da kayan aikina a aljihun wando, yadda na saba. An kewaye motar da jar igiya a tsakiyar zaure. Manaja ya yi jawabi mai tsawo, sannan ya ja yadin.

Gaskiya ta yi kyau. Shuɗiya ce mai duhu, ƙasa-ƙasa, kamar an zuba ta ne ba ƙera ta aka yi ba. Gilashinta baƙi, ba a ganin ciki. Zaure ya ɗauki sowa. Na dubi abokina, hawaye na bin fuskarsa, bai share ba. Na kama kafaɗarsa na ce, "Ga ta nan, mutumina. Ka kawo ta."

Ya fara zagayensa. Ya buɗe ta farko, ya tayar, Dogo ya yi magana, babu mai saurare. Ta biyu, ta uku, haka. Kowa jira yake. Da ya gama da ta ƙarshe sai ya tsaya a bakin jar igiyar. Wakilin ba ya nan, ya fita waje amsa waya saboda hayaniya. Masu safar hannun suna can wajen tirela suna cin abinci.

Wani daga baya ya ce, "A buɗe!" Wani ya karɓa. Kafin ka ce me, duk zauren ne: "Buɗe! Buɗe!"

Dogo ya ɗaga murya. "Mai Tsumma, ko bebiya ka kawo mana?"

Abokina ya juya ya dubi Manaja. Ina kusa, na ga komai. Makirfo yana hannun Manaja. Kalma ɗaya ce za ta fito daga bakinsa a wuce wurin. Sai ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Mai Tsumma ya ɗauka izini ne. Ni ma haka na ɗauka.

Ya tsallaka igiya. Ya goge hannunsa a rigarsa, ya kama marfin ƙofa, ya ja. Ba ta motsa ba. Ya zagaya ɗaya gefen, haka. Mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ya dawo gaba, ya durƙusa, ya zura yatsu ƙarƙashin murfin injin yana laluben maɓalli. Ya daɗe yana lalube. Gumi ya jiƙa bayan farar rigar.

"Shekara ashirin yana wasiƙa, bai tambayi inda ake buɗewa ba!" in ji wani.

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba, kamar na wanda ruwa ke ci. Ni kuwa tausayi ya kama ni, na ce a raina maɓallin ne ya cije, yadda yake yi a kowace mota, ɗan taimako kawai yake so. Na zaro ƙarfen da nake ɓalle taya da shi na miƙa masa ta saman igiya.

Ya karɓa. Ya naɗe bakin ƙarfen da rawayan tsummansa don kada ya karce fenti. Ya sa a ƙarƙashin murfin, ya danna a hankali, a hankali sosai, kamar mai ɗaga jariri.

Sai muka ji ƙas. Murfin bai ɗaga ba, tsagewa ya yi, tun daga gaba har gindin gilashi, rabi ya ɓalle ya faɗi a kan kafet. Ba ƙarfe ba ne, wani abu ne mai kama da roba. A ciki babu inji. Katako ne aka giggitta, da farin soso irin wanda ake samu a kwalin firij, da wata tsohuwar robar ruwa da wani ma'aikaci ya manta.

Dogo ya tsallaka igiya, ya ɗaga hannu ya ce, "Shiru, jama'a." Ya sunkuya ya kara kunnensa a katakon, ya lumshe ido, ya daɗe. Sannan ya miƙe ya ce, "Ba ta shan mai."

Dariyar da aka yi, har yau ina jin ta. Manya suna riƙe ciki, wasu suna dukan bango. Wayoyi duk sun tashi sama. Abokina yana tsaye da ƙarfe a hannu, yana kallon robar ruwan.

Wakilin ya shigo da gudu yana ihu. Masu safar hannu suka mayar da yadin. Sai a lokacin Manaja ya tuna da makirfo. Ya ce, "Jama'a, a yi haƙuri. Wannan mutumin ba ma'aikacinmu ba ne. Mai wankin mota ne a bayan katanga. An gaya masa kada ya taɓa, kunnen ƙashi ya yi." Masu gadi biyu, waɗanda yake wanke wa babur kyauta, suka kama shi ta hammata. Ɗaya ya fizge ƙarfen ya ce, "Wa ya ba ka wannan?"

Ina tsaye taku uku daga wurin. Abokina bai dube ni ba. Ya ce, "Nawa ne."

Ni kuma na yi shiru. Allah ya gani, na yi shiru.

Kafin magariba an mayar da motar tirela. Kafin wayewar gari hoton ya zaga ko'ina, kuma an sake masa suna. Babu Inji. Mai kawo wanki zai miƙa makulli ya ce, "Babu Inji, a wanke kawai, kada a buɗe." Tun yana murmushin yaƙe har ya daina. Daga baya ma suka rage zuwa, wai hannunsa ba shi da albarka. Sai kuma Manaja ya fito da labarinsa. Ya ce kamfani ya riga ya yi alkawarin turo sabuwar mota kowace shekara, amma saboda ɓarnar mutum ɗaya an soke, an sa sunan garinmu a baƙin littafi. Waɗanda suka fi kowa ihun a buɗe su suka fi kowa zaginsa. Wani ya tofa yawu a bokitinsa. An tare 'yan biyunsa a wurin aiki ana tambayarsu ko su ma kwali ne a ciki.

Shi abu ɗaya yake so. Ba aikin ba ma. Ya ce mini, "Manaja ya fito ya ce ya sani bai faɗa mini ba. Shi ke nan. Ya faɗa a makirfon da ya kore ni da shi." Ya yi ta zuwa ofishin Manaja, ya zauna a bencin waje da farar rigarsa, tun safe har azahar. Sakatariya ta ce Manaja ya fita. Motarsa kuwa tana nan a inuwa, abokina yana kallonta, ya san ta ciki da waje, shekara tara yana wanke ta.

Na ce masa, "Bari in je in ce ni na ba ka ƙarfen."

"Don a samu Babu Inji biyu? Wa zai ba ni ruwa in na yi tari?"

Na ji daɗi da ya hana ni. Wannan ma sai na rubuta.

Da shekara ta zagayo, ya ɗauki tsummansa ya je ƙofar baya kamar kullum. Aka ce an ɗauki wasu samari daga wani kamfanin shara. Ya zagaya gaba, ya shiga layi, ya sayi tikiti kamar kowa. A bakin ƙofa an manna hotonsa, wanda aka ciro daga waya, bakinsa a buɗe da ƙarfe a hannu. Mai gadi ya nuna masa da sanda. Ya dawo rumfata ya zauna ya ba katangar baya. Muna jin jawabin Manaja ta lasifika. Da aka gama sai ya karkata kai yana jira. Muka jira. Babu abin da ya tashi.

"Ba su tayar ba," in ji shi.

An hana. Tun daga shekarar aka kewaye kowace mota da igiya, ba buɗewa, ba tayarwa. Wannan ma a kansa aka ɗora.

A ranar ne da yamma direban tirela ya zo faci. Ya ga abokina ya ce, "Kai ne? Wallahi na ga hoton, na ce wannan baban bai san komai ba." Ya zauna ya ba mu labari. Ya ce abin da aka kawo mana ƙwarya ce kawai, irin wadda ake yi don ɗaukar hoto kafin a ƙera motar gaske. Shekara huɗu tana yawo, ta gama manyan birane, ta gama ƙanana. Hanyar ma'ajiyar da za a farfasa ta ce ta biyo ta garinmu, Manaja ya roƙa a sauke ta kwana biyar. "An gaya masa ƙwarya ce, a gabana. Babu wani alkawari, babu wani baƙin littafi. Su can ba su ma san sunan garinku ba."

Na tashi tsaye don murna. Na ce, "Ka ji! Ka ji, mutumina!" Na zaci magani ya zo.

Shi kuwa ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Wato ƙwaryar ma tsohuwa ce."

"Ba wannan ba ne zancen, zancen shi ne ba laifinka ba ne."

"Wasiƙuna fa?" ya tambayi direban.

Direba ya sosa kai ya ce shi tuƙi ya sani.

Na roƙe shi ya maimaita maganar a gaban mutane, ko a gaban Dogo kawai. Ya ce yana da iyali, kuma Manaja ne ke sa hannu a takardar saukar kayansa. Na gama masa faci ya tafi.

Washegari na je ofishin da kaina. Ban zauna a benci ba, na tura ƙofa. Manaja yana shan shayi. Na faɗa masa duk abin da direba ya ce. Bai musa ba. Bai ma ajiye kofin ba.

"To, sai me?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan yana mutuwa a tsaye. Kalma ɗaya ce."

"Mai faci, kowace shekara mutane suna tambayata don me ba a kawo mana sabuwar mota. Da ina cewa tana hanya, sun gaji da ji. Yanzu ina da amsa. So kake in tsaya a gabansu in ce garinku ne bai kai ba? In ce ku ne ba ku isa a kawo muku ba? Wa zai sayi tikiti baɗi?" Ya kurɓa. "Su ma sun fi son haka. Je ka tambaye su."

Na je na tambaye su. Na sami Dogo a garejinsa, ƙafafunsa kawai ake gani a ƙarƙashin wata mota. Na ba shi labarin tun daga farko. Ya ce daga can ƙasa, "Ko ma mene ne, ai shi ya fasa." Na gaya wa masu shayi, na gaya wa 'yan tasha. Wani ya ce, "Kai abokinsa ne, dole ka ce haka." Wani ya ce direban tirela ba shaida ba ne. Ko a wurin waɗannan ban ambaci ƙarfen ba.

Abokina ya tambaye ni yadda muka yi da Manaja. Na ce ya ce zai duba. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kai ko ƙarya ba ka iya ba. Iska kawai."

Daga nan ya fara raguwa. Tarin ya dawo da ƙarfi. Yana zuwa gindin famfo ya zauna ko babu mota, daga baya ya daina zuwa. Na riƙa zuwa gidan bayan la'asar. Ya sa autar ta ciccire hotunan bango, sai tabon gam ya rage a jere. Idan mota ta wuce a titi ba ya cewa komai. Wata rana na ce, "Wannan fa, za ta kai sati?" don in ja shi da wasa. Ya ce, "Ban ji ba." Ƙarya yake, ya ji.

Ranar da zai rasu da hantsi ina riƙe da hannunsa, wannan tsattsagaggen hannun da ya yi laushi saboda rashin aiki. Ya ce, "Ta yi kyau dai, ko?" Na ce ta yi kyau. Ya ce, "Ban ko goge ta ba." Bai sake magana ba. Allah ya jiƙanka, abokina, ya sa ka huta. Ban taɓa samun kamarka ba, ba kuma zan samu ba.

Mutane sun zo jana'iza ba laifi. Dogo ma ya zo, ya yi addu'a mai tsawo. A hanyar dawowa wani mai babur ya tsaya ya tambayi wa ya rasu, na ji an ce masa, "Babu Inji." Ya ce, "Allah sarki," ya yi 'yar dariya, ya ja babur.

Makon jiya aka yi baje kolin bana. Daga rumfata na ji Manaja ta lasifika yana cewa da ba don abin da wani ya yi ba, Allah ya gafarta masa, da yanzu garin nan ya wuce haka. Aka yi tafi.

Jiya na kai wa Uwar Biyu wannan rubutun, don ban so kowa ya gani kafin ita. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faranti, na tsuguna daga nesa na karanta mata, ina yi ina tsayawa. Tun rasuwar ba ta dube ni a ido ba, ban kuma san dalili ba, don na tabbata shi bai gaya mata zancen ƙarfen ba. Da na kusa tsakiya sai ta ɗaga hannu.

"Baban faci, ka rubuta wanda ya miƙa masa ƙarfen?"

"Na rubuta."

"Ina ta taga ranar. Na je in ga an ba shi hanya."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Shekara uku," in ji ta. "Yanzu da ba zai ji ba."

Na tambaye ta ko in ƙarasa karantawa. Ta ce in bari, tana da aiki.